Wanda Ya Cika Kwantiraginsa Ya Tafi Bai Ci Amanar Kowa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in bayyana ra'ayina a kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun matasa da gidajen kallon ƙwallo, wato ko ya dace ƙungiya ta karrama tsohon gwarzon ɗan wasanta wanda ya jira kwantiraginsa ya ƙare sannan ya kama gabansa, ba tare da ƙungiyar ta sami kuɗin sayar da shi ba. Ni mai goyon bayan Liverpool ne tun daren Istanbul na shekarar 2005 da ta ɗauki Kofin Zakarun Turai, saboda haka maganar da zan yi ta shafi gidanmu ne, kuma na san da yawa daga cikin abokan kallona ba za su ji daɗinta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru ranar 4 ga Nuwamba, 2025, lokacin da Real Madrid ta ziyarci Anfield, filin Liverpool, a gasar Kofin Zakarun Turai. Tun kafin a take wasa aka wayi gari wasu sun watsa fenti a kan hoton Trent Alexander-Arnold, tsohon ɗan wasan Liverpool da ya koma Real Madrid, wanda aka zana a bangon wani gida kusa da filin, suka rubuta masa kalmar da ke nufin ɓera da harshen Sifaniyanci. Da aka sako shi ana dab da tashi, filin ya kaure da ihu da ature, duk ƙwallon da ya taɓa sai an bi shi da tsaki. Liverpool ta ci wasan da ɗaya mai ban haushi ta hannun Alexis Mac Allister, amma a gidan kallon da nake zuwa ba a yi hirar ƙwallon da aka ci ba, hirar butulci aka yi ta yi har aka kashe janareta. Wani dattijo da muke kallo tare ya ce ko shekara hamsin za a yi, kada Liverpool ta kuskura ta ambaci sunan yaron nan a cikin gwarazanta. Na girmama furfurarsa na yi shiru a wurin, amma ban yarda da shi ba.

Mu fara tuna wane ne wannan da ake kira ɓera. An haife shi a birnin Liverpool a 1998, ya shiga makarantar horar da yara ta ƙungiyar yana ɗan shekara shida, ya fara buga wa babbar ƙungiya a 2016, kuma bai bar ta ba sai a 2025, wato kusan shekara ashirin ke nan yana sanye da jar riga. Ya buga wasa sama da 350, ya ɗauki Kofin Firimiya sau biyu, a 2020 da 2025, ya ɗauki Kofin Zakarun Turai a 2019, ga Kofin FA da Kofin Carabao da kofin ƙungiyoyin duniya, kuma a tarihin gasar Firimiya babu mai tsaron baya da ya kai shi yawan bayar da ƙwallo a ci. Duk wanda ya kalli wasan ranar 7 ga Mayu, 2019, ba zai manta da bugun kusurwar da ya yi cikin hanzari ba, lokacin da 'yan bayan Barcelona suka juya baya suna jiran a shirya, shi kuwa ya hango Divock Origi shi kaɗai ya zura masa, aka ci ta huɗu, aka fitar da Barcelona da ta zo da rinjayen ƙwallo uku. A lokacin shekarunsa ashirin kacal. Liverpool ba ta biya ko sisin kwabo ba wajen sayensa, domin ɗan gida ne, kuma ban taɓa jin an zarge shi da ƙin fita atisaye ko ƙirƙirar ciwon ƙarya don a sake shi ba. Kwantiragin da ya sa wa hannu a 2021 ya ce zai yi aiki har zuwa ƙarshen Yunin 2025, ya kuwa buga har ƙarshen kakar wasa, har ma ya tafi ya bar kofin gasa a gida.

To, ina laifin? Masu fushi suna cewa laifin shi ne ya tafi a kyauta. Wannan magana tana buƙatar a koma asalinta, domin tafiya a kyauta ba dabarar wani ɗan wasa ba ce, haƙƙi ne da kotu ta tabbatar. A 1990 kwantiragin wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya ƙare a ƙungiyar RFC Liège, ya so ya koma Dunkerque ta Faransa, sai ƙungiyarsa ta nemi kuɗin da ya hana cinikin, sannan ta zaftare masa albashi, ya zama ba ya nan ba ya can, ba a ba shi aikin kirki ba kuma ba a sake shi ya nema a wani wuri ba. Ya kai ƙara, aka yi shekara biyar ana shari'a, har ranar 15 ga Disamba, 1995, Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa wanda kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin komawa wata ƙungiya a wata ƙasa ta Tarayyar Turai ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa komai ba. Shi kansa Bosman bai ci moriyar abin ba, domin kafin a gama shari'ar ganiyarsa ta wuce, amma ya buɗe wa na bayansa ƙofa. Kafin wannan hukunci ɗan ƙwallo tamkar kadara yake a hannun ƙungiya ko bayan wa'adin aikinsa ya cika. Wanda ke cewa a hukunta ɗan wasa don ya yi amfani da wannan 'yanci, a zahiri yana cewa ne a koma wancan zamani, ko da bai ankara ba.

Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah, shin muna ƙin wannan 'yanci ne a kullum, ko kuwa sai ranar da ya juyo kanmu? Joel Matip, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya taso a Schalke tun yana yaro kamar yadda Trent ya taso a Liverpool, kuma a 2016 ya jira kwantiraginsa ya ƙare ya zo mana a kyauta. Ban ji wani mai goyon bayan Liverpool ya kira shi maci amana ba, mun ma yaba wa shugabanninmu da iya ciniki, kuma shi ne ya ba Origi ƙwallo ta biyu a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai na 2019 da Tottenham. James Milner ma a kyauta ya zo daga Manchester City a 2015. Abin da ya fi wannan ɗaure kai shi ne batun Alexander Isak, wanda a bazarar 2025, watanni kaɗan bayan an fara yi wa Trent ature a watan Mayu, ya ƙi buga wa Newcastle wasa alhali yana da sauran shekaru a kwantiraginsa, ya kafe sai an sayar da shi, kuma Liverpool ta biya fam miliyan 125 ta ɗauke shi muna ta murna. Mutum ɗaya ya cika alkawarin da ya sa wa hannu har wasan ƙarshe na kaka, muka kira shi ɓera. Ɗaya kuma ya yi yajin aiki a tsakiyar alkawarinsa, muka shimfiɗa masa darduma. Idan da amana muke karewa, da ba haka hukuncinmu zai kasance ba.

Ban ce masu fushi ba su da hujja ko kaɗan ba. Ɗan wasa mai shekara 26 irin Trent, da an sayar da shi yana da sauran shekara biyu, da ya kawo kuɗin da za a sayi mutum biyu, kuma mun ga amfanin irin wannan ciniki a Janairun 2018, lokacin da aka sayar da Philippe Coutinho ga Barcelona a kan kuɗin da ya kai fam miliyan 142 idan aka haɗa da ƙarin da aka yi alkawari, kuɗin da ya taimaka wajen ɗaukar nauyin sayen Virgil van Dijk da Alisson. A wajen Trent kuwa, abin da ya shigo shi ne kimanin yuro miliyan 10 da Real Madrid ta biya don a sake shi wata ɗaya kafin lokaci ya buga gasar ƙungiyoyin duniya a Amurka. Asara ce, babu shakka. Amma wa ya jawo ta? Sabunta kwantiragi aikin shugabanni ne, kuma a shekarun da ya kamata a zauna da shi, ofishin daraktan wasanni na Liverpool yana ta sauya hannu, daga Michael Edwards zuwa Julian Ward zuwa Jörg Schmadtke zuwa Richard Hughes, ga kuma kocin ƙungiyar, Jürgen Klopp, da ya sanar a Janairun 2024 cewa zai ajiye aiki. A cikin wannan ruɗani aka bar manyan 'yan wasa uku, Mohamed Salah da van Dijk da Trent, suka shiga shekararsu ta ƙarshe a lokaci guda. Da Real Madrid ta taya shi a tsakiyar kakar wasa, Liverpool ce ta ƙi sayarwa, domin ta ga riƙe shi wata biyar don neman kofi ya fi mata kuɗin, kuma lissafinta ya yi daidai tunda ta ɗauki kofin. Ba adalci ba ne mutum ya zaɓi kofi a kan kuɗi, ya sami kofin, sannan ya dawo yana kukan kuɗin.

Kuma ni ban ma yarda cewa kuɗi ne ainihin abin da ke ƙona ran magoya baya ba. Barcelona ta karɓi kuɗin da ba a taɓa biya a kan wani ɗan wasa ba a duniya lokacin da Luís Figo ya koma Real Madrid a 2000, amma hakan bai hana a jefa masa kan alade a Camp Nou, filin Barcelona, a 2002 ba. Arsenal ta karɓi kusan fam miliyan 24 a kan Robin van Persie a 2012, kuma har yau idan kana son ɓata wa ɗan Arsenal rai a majalisa, ambaci sunansa kawai. A Dortmund an ga abin ta fuska biyu a cikin shekara guda, domin Mario Götze ya koma Bayern Munich a 2013 aka biya yuro miliyan 37, shi kuwa Robert Lewandowski ya bi shi a 2014 ba a biya komai ba, amma Götze ne ya fi shan tsana. Lewandowski an sanar da tafiyarsa tun Janairu, ya ci gaba da zura ƙwallaye har ya ƙare kakar a matsayin wanda ya fi kowa ci a Bundesliga, ya yi bankwana cikin mutunci. Abin da wannan ke nuna mini shi ne, ciwon da ke ran mai goyon baya ciwon rabuwa ne, na ganin wanda kake ƙauna ya fifita wani a kanka, sai a lulluɓe shi da maganar kuɗi don ya yi kama da hujja. Na san wannan ciwo domin na ji shi, musamman ranar da na ga Trent a Madrid yana jawabin karɓarsa da Sifaniyanci, wanda ya nuna ba jiya ya fara shirin tafiyar ba. Amma jin zafi daban, cancanta daban, kuma ƙungiya ba ta gina tarihinta a kan zafin rana ɗaya.

Akwai wani abu da ya faru a watan Mayun 2025 da ya kamata a jera shi kusa da juna. Ranar 11 ga watan, kwana shida bayan Trent ya sanar da cewa zai tafi, aka sako shi a wasan Arsenal, wani ɓangare na Anfield ya yi masa ihu, abin da Klopp ya ce da ya ji sai ya kashe talabijin ɗinsa. Ranar 20 ga watan kuma, a Manchester, aka yi wa Kevin De Bruyne gagarumin bikin bankwana, aka sanar da cewa za a kafa masa mutum-mutumi a gaban filin Etihad. Shi ma a kyauta ya tafi, ya koma Napoli. Kafinsa Manchester City ta yi wa David Silva, wanda ya koma Real Sociedad a kyauta a 2020, ta kuma yi wa Sergio Agüero, wanda ya koma Barcelona a kyauta a 2021, aka buɗe nasa ranar 13 ga Mayu, 2022, daidai shekara goma da ƙwallon da ya ci QPR ya ba su kofin Firimiya. A Liverpool ma an jeru an yi wa Georginio Wijnaldum tafi a 2021, an yi wa Roberto Firmino a 2023 har da hawaye, kuma dukansu babu wanda ya kawo ko anini. Za a ce ai waɗannan sun fara tsufa, kuma a wajen De Bruyne ƙungiyar ce ma ba ta ba shi sabon kwantiragi ba. Haka ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Ma'anar wannan ita ce, idan ƙungiya ta tsotse ƙarfinka ta ce ta gode, kai gwarzo ne, amma idan kai ne ka ce ka gode alhali da sauran ƙarfinka, kai maci amana ne. Wato haƙƙin yanke hulɗa na ƙungiya ne ita kaɗai, ɗan wasa kuwa biyayyarsa ita ce ya zauna har ranar da za a gaji da shi. A ƙarshen kowace kaka ƙungiyoyin Ingila suna fitar da jerin sunayen waɗanda suka sallama, cikinsu har da yaran da suka yi shekara goma a makarantar horarwa, kuma ba a taɓa watsa wa ofishin wani shugaba fenti saboda haka ba.

Mu da muka taso a kasuwa mun san wannan al'amari ta wata fuska. Yaro zai yi shekara goma sha biyar a shagon maigidansa a Kantin Kwari, ya riƙe masa amana, ya jawo masa abokan ciniki, ranar da ya ga lokaci ya yi ya zo ya durƙusa ya ce yana son ya tsaya da ƙafarsa. Maigida na kirki yakan sa masa albarka ko da ransa bai so ba, kuma duk inda aka ambaci yaron yakan ce ai yarona ne, a hannuna ya koya. Wanda kuwa ya bi shi da baƙar magana, mutane kan gane cewa ba amanar yaron yake so ba, bautarsa yake so, kuma sauran yaran shagon suna kallo suna lissafi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Yaron da ke makarantar horarwa ta Liverpool a yau ya ga abin da aka yi wa wanda ya ba da shekara ashirin, kuma darasin da zai ɗauka shi ne gara ya tafi da wuri kafin a saba da shi.

Idan kuma aka ce karramawa ta dogara ne a kan abin da mutum ya bari a asusu, to ga inda hakan ke kai mu. A 2020 Birmingham City ta jingine riga mai lamba 22, wato ta daina ba kowa ita, don girmama Jude Bellingham, yaro ɗan shekara 17 da ya buga mata wasa 44 a kaka ɗaya tak, saboda sayar da shi ga Dortmund ya kawo kusan fam miliyan 25 a lokacin da ƙungiyar ke cikin matsin kuɗi. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san inda takalmi ke matsa masa, amma duniyar ƙwallo ta yi musu dariya a lokacin, domin kowa ya san ba don haka aka ƙirƙiro jingine riga ba. A ɗaya gefen kuma ga Lionel Messi, wanda ya ci wa Barcelona ƙwallo 672 a wasa 778, ya bar ta a Agustan 2021 yana kuka, ya koma Paris Saint-Germain a kyauta saboda dokokin kashe kuɗi na La Liga sun hana a yi masa rajista. Da ma'aunin kuɗi ne, da Bellingham ya fi cancantar yabo a Birmingham fiye da Messi a Barcelona, kuma babu mai hankalin da zai faɗi haka.

To ashe babu wanda za a hana karramawa? Akwai, kuma misalin da ba na shakka a kansa shi ne Sol Campbell. Shi ne kyaftin ɗin Tottenham, shi ya ɗaga musu Kofin League a 1999, kuma ya sha nuna wa magoya baya a bainar jama'a cewa yana nan daram. Sai ga shi a Yulin 2001 an gabatar da shi a Arsenal, abokiyar gabarsu ta unguwa ɗaya a arewacin Landan, inda ya je ya ɗauki kofin Firimiya sau biyu, har da kakar 2004 da ba a doke su ba. Doka ta ba shi dama kamar yadda ta ba Trent, amma abu biyu sun haɗu a kansa waɗanda ba su haɗu a kan Trent ba, wato faɗin abin da bai cika ba, da kuma ɗaukar ƙarfinsa ya kai wa maƙwabcin da ake gaba da shi. Idan Tottenham ta ƙi sa sunansa a wani sashe na filinta, ba zan ga baikenta ba, kodayake irin zagin ƙare dangi da aka riƙa rera masa shekara da shekaru ya wuce gona da iri. Saboda haka tambayar da ya kamata a yi ba ita ce nawa aka samu a kansa ba. A tambaya, ya yi aikinsa da gaske har ranar ƙarshe? Ya yi wa mutane ƙarya? Ya tafi ne don ya gina kansa ko don ya rusa gidan da ya rene shi? Trent ya yi shiru tsawon kaka, shirun da ya ba mutane haushi, amma shiru ba ƙarya ba ne, kuma ya bari sai da aka tabbatar da kofi sannan ya yi magana.

Haka nan ban ce a daidaita shi da waɗanda suka zauna ba. Karramawa hawa-hawa ce. AC Milan ta jingine lamba 6 don Franco Baresi da lamba 3 don Paolo Maldini, mutanen da ba su taɓa sa rigar wata ƙungiya ba, kuma a Liverpool Jamie Carragher da ya buga wasa 737 bai je ko'ina ba yana da matsayin da wanda ya tafi yana ɗan shekara 26 ba zai taka ba. Wannan matsayi Trent da kansa ya sarayar da shi, kuma na tabbata ya san haka ranar da ya yanke shawara. Amma tsakanin wannan matsayi da sunan ɓera akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne nake neman a ajiye shi. Mu a nan ba ma'abota kafa gumaka ba ne, ni kaina ban ga abin sha'awa a mutum-mutumin tagulla ba, amma hanyoyin karramawa suna da yawa, daga gayyatar mutum ya zo fili a gabatar da shi ga jama'a, zuwa sanya hotonsa a gidan tarihin ƙungiya, zuwa ba shi riga a wasan tsofaffin gwaraza.

Lokaci kuma yana yin nasa aikin idan aka ba shi dama. A Janairun 2011, da Fernando Torres ya nemi a sake shi ya koma Chelsea a kan fam miliyan 50, an ƙona rigarsa a titi. A Maris na 2024 ya dawo Anfield a wasan tsofaffin 'yan wasa da Ajax, ya ci ƙwallo, filin ya rera sunansa kamar ba a taɓa ɓatawa ba. A ƙwallon kwando na Amurka, inda tafiya bayan ƙarewar kwantiragi ta zama ruwan dare, Shaquille O'Neal ya bar Orlando Magic ya koma Los Angeles Lakers a 1996 ba su sami komai ba, amma a Fabrairun 2024 suka kira shi suka jingine lambarsa ta 32, kuma shi ne ɗan wasa na farko da suka yi wa haka. Shekara ashirin da takwas ta yi yawa a ganina, amma ya nuna cewa idan ƙura ta lafa abin da mutum ya yi a fili shi ke saura. Ko a nan gida mun ga amfanin barin ƙofa a buɗe, domin Ahmed Musa ya bar Kano Pillars a 2010 bayan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, ya tafi Turai neman na kansa, Sai Masu Gida ba su riƙe shi a zuci ba, ya dawo ya sa rigarsu a 2021, ya sake dawowa a 2024, har aka ba shi babban manajan ƙungiyar a 2025.

Mai goyon baya da ya sayi tikiti da guminsa yana da 'yancin ya ƙi tafa wa wanda ransa bai kwanta da shi ba, kuma ba zan ce a tilasta wa kowa yafiya ba. Maganata da shugabannin ƙungiyoyi take, domin su ne masu riƙe da tarihi, kuma bai kamata su riƙa leƙen fuskar jama'a kafin su faɗi abin da kowa ya gani da idonsa ba. Abin da nake fata daga Liverpool shi ne kada ta rage komai daga sunan Trent, mai riga lamba 66, a duk inda take ba da labarin kofunan 2019 da 2020 da 2025, kuma ranar da ya rataye takalmansa ta aika masa da goron gayyata ya zo Anfield kamar yadda ta yi wa Torres. Ranar 25 ga Mayu, 2025, da aka miƙa kofin Firimiya bayan wasan Crystal Palace, mafi yawan filin sun tafa masa, shi kuma ya fashe da kuka, kuma waɗanda suka tafa ɗin sun riga sun san inda za shi.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano.